Ina kuke samun ingantattun madogara kan addinan duniya a intanet?

Ɗalibin digiri na biyu, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu aikin kwatanta yadda addinin Buddha da na Hindu suke kallon mutuwa da abin da ke bayanta, kuma malaminmu ya gindaya sharaɗin cewa ba zai karɓi abin da aka kwaso daga shafukan wa'azi ba, ko na wane addini ne. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan fage su nuna mini inda suka dafa.

Malamar kwalejin ilimi, Bauchi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da na fara koyar da wannan darasi, na dogara da jerin Sacred Books of the East, wanda Max Müller ya jagoranci fitarwa a juzu'i 50 tsakanin 1879 da 1910, kuma ana samunsa kyauta a Internet Archive. Dalilin kyautar shi ne haƙƙin mallakarsa ya ƙare saboda tsufa, kuma tsufan nan ne matsalarsa, domin masu fassarar mutanen zamaninsu ne, wasunsu ma 'yan mishan ne, sukan auna kowace aƙida da mudun tasu. A yau idan ina son nassin Buddha sai in tafi SuttaCentral, inda ake jera asalin harshen Pali da fassarar zamani layi bayan layi, na Yahudawa kuma a Sefaria. Ka riƙa duba shekarar fassara da sunan mai fassara kafin ka kwafi ko da jimla ɗaya.

Malamin Arabiyya, Azare:
Allah ya saka wa Malama da alheri. Abin da zan ƙara shi ne, ɗalibanmu suna mantawa da cewa malaman Musulunci sun daɗe a wannan ilimi. Al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, yana kawo maganar Hindu daga littattafansu kafin ya ce komai. Al-Milal wan Nihal na Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, yana cikin Maktaba Shamila, wato taskar littattafan Larabci da ke intanet. Ni dai ba na kafa hujja da kwafin Shamila sai na ga an rubuta cewa lambobin shafukansa sun dace da bugun takarda, domin na ga ɗalibin da mai jarrabawa ya buɗe littafin a gabansa bai sami maganar a shafin da ya ambata ba.

Ɗaliba daga Billiri:
Barkanku da wannan tattaunawa. Tawa wahalar ta bambanta, domin bincikena a kan addinin gargajiya ne na yankinmu, kuma a nan intanet ta kusan zama fayau. Za ka sami littattafan John Mbiti da Bolaji Idowu, masana addinan gargajiya na Afirka, cikin sauƙi, amma Idowu ya fi ƙarfi a kan Yarbawa, Mbiti kuma ya yi wa nahiyar duka kallo ɗaya. Ko a kan bori, littafin Tremearne na 1914 da ɗalibai suke yawan ambata, mafi yawansa an tattara shi ne a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus, marubucin kuma hafsan sojan Ingila ne. Aikin Greenberg na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano ya fi shi natsuwa. Na tsinci 'yan maƙaloli a AJOL, shafin mujallun ilimi na Afirka, sauran kuwa sai da na zauna da dattawa a gindin bishiya da na'urar naɗar murya, wasunsu ba su buɗe baki ba sai da kawuna ya raka ni ya faɗi 'yar gidan wa ce ni.

Ma'aikacin ɗakin karatu, Gombe:
Mutane da yawa ba su san cewa JSTOR, shafin da ke tara maƙalolin mujallun ilimi, yana barin wanda ya buɗe asusun kansa ya karanta wasu maƙaloli a wata kyauta ba, sai dai a kan allo ne, ba a saukewa, don haka a tanadi data da caji. Kan alƙaluma kuma a yi hattara. Ƙidayar jama'ar Najeriya ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba, saboda haka duk adadin da aka gani na Musulmi da Kiristan Najeriya ƙiyasi ne, ko da na cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ne. Masu jarrabawa a nan suna tambayar hanyar da aka bi wajen ƙiyasin, kuma Pew tana bayyana tata a rahotanninta, don haka a karanta wannan sashe kafin a ɗauki lambar.