Famfon mai don shebur ɗin gaban tsohuwar tarakta: abin da kowa ya gani

Manomi daga Mirriya:
Assalamu alaikum. Ina da Massey Ferguson 135 wadda na haɗa wa shebur a gaba domin kwasar taki zuwa garka da gonakin gero. Daga famfon cikin taraktar, wanda yake ɗaga garma a baya, aka jawo masa mai, amma shebur ɗin yana tashi da nawa ƙwarai, kuma da zarar na taka kuloci har ƙasa sai ya tsaya cik. Waɗanda suka taɓa sa famfo na dabam, don Allah a gaya mini yadda aka yi.

Bakanike a Zinder:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin wannan aiki ya sha zuwa garejinmu. Famfon cikin 135 ba ya kai lita 20 a minti, domin garma aka ƙera shi ya ɗaga, kuma ta kuloci yake samun juyi, shi ya sa yake tsayawa idan ka taka. Abin da muke ɗaurawa shi ne famfo mai haƙora a gaban injin, a haɗa shi da fulin kirankishaf, wato babbar sandar da take juyawa a cikin injin, a ba shi tankinsa. Lissafin ba wuya: famfon da yake tura santimita kubik 16 a kowane juyi, idan injin yana juyi 2000 a minti, zai ba ka kusan lita 32 a minti. Wannan ya ishi ƙaramin shebur, kuma a matsin bar 170 (bar ma'aunin matsin mai ne) ƙarfin da zai ci bai fi ƙarfin doki 12 zuwa 14 ba daga cikin kusan 45 na injin Perkins ɗinka. Ka duba ta ina famfon yake juyawa kafin ka biya kuɗi, domin idan aka juya shi baibai, nan take robar bakinsa take fashewa. Kada kuma a ɗaura shi ba tare da bawul ɗin rage matsi ba.

Mai tarakta daga Magariya:
Malam ya yi gaskiya, amma ni zafi ne ya fi damuna. Wani mai shago ya sayar mini da babban famfo, ya ce girma shi ne ƙarfi. Sauri ya ƙaru, nauyin da shebur yake ɗagawa bai ƙaru ba, domin matsi da faɗin sandunan ɗagawa ne suke yanke wannan. A watan Afirilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, man ya tsinke, tiyo ya fara yoyo, famfon yana kuka. Sai da aka ƙera tanki mai ɗaukar kusan abin da famfon yake turawa a minti guda, aka faɗaɗa tiyon zuƙa, aka sa matata saboda ƙurar hunturu, sannan na samu lafiya.

Manomi daga Matameye:
Ni famfon baya na ɗaura, a kan sandar PTO, wato sandar bayan tarakta da take juya injunan da aka haɗa mata. Tun da juyinta 540 ne kawai a minti, sai da aka haɗa da akwatin ƙara juyi, kuma duk ranar da zan yi aiki da injin sussuka dole in kwance shi. Alhaji, idan akwai wuri a gaban injinka, na gaba ya fi. Idan Kano za ka aika, kasuwar Ƙofar Ruwa, a tafi da awon bakin sandar famfon da na ramukan kusoshinsa.