Intanet ɗin gari ko na kamfani: wa zai biya kuɗin haƙa ramin?

Injiniya: Jama'a, ina nan kan bakana. Garin da ya ja wa kansa wayar intanet ya fi wanda ya zauna jiran kamfani. Ku dubi Chattanooga a jihar Tennessee ta Amurka. Hukumar wutar garin, EPB, mallakar birnin ce. Ita ta ja wayar faiba, wato wayar intanet mai aika bayanai da haske, gida-gida, a 2010 ta fara sayar da intanet mai gudun gigabit ɗaya, lokacin da manyan biranen ƙasar ba su kai nan ba. Comcast, babban kamfanin intanet mai zaman kansa, har kotu ta je don ta hana, ta sha kaye.

Maman Khalil: Injiniya, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Gwamnatin tarayya ta ba su kusan dala miliyan 111 a 2009 don gyaran layin wuta, wannan kuɗin ya taimaka wajen jan wayar. Harajin wa ke nan? Har da na manomin da bai taɓa taka Tennessee ba. Kuma me ya sa ba ka ambaci Provo ta jihar Utah ba? Sun ci bashin kusan dala miliyan 39 suka gina nasu, abu ya gagara, a 2013 suka sayar wa Google a kan dala ɗaya. Ɗaya tak! Bashin kuma ya zauna a wuyan mutanen gari, suna biya wata-wata, har tsohuwar da ba ta san inda ake kunna kwamfuta ba.

Ɗan Zariya: Ni da na ji an ce kamfanin gwamnati sai NITEL ta faɗo mini a rai. Mahaifinmu ya yi shekaru yana jiran layi. GSM ya zo a 2001, aka huta.

Injiniya: Ɗan Zariya, ba girin-girin ba, ta yi mai. EPB ta riga tana da turakun wuta, da ma'aikata, da kwastomomi masu biyan bil tun shekaru aru-aru. Wayar ma tana yi wa wutar aiki: in bishiya ta faɗa kan layi, na'ura ce ke gano wurin ta karkatar da wutar ta wata hanya. Hajiya kuwa, Provo na yarda, an yi asara. Amma ki amsa mini wannan: ƙauyukan da ke gefen Chattanooga suna roƙon a kai musu, dokar jihar ta hana EPB wuce iyakar inda take ba da wuta, kamfanonin kuma ba sa zuwa don babu riba. Sun hana, sun kuma hana a ba su.

Maman Khalil: To a biya kamfani tallafi ya je ƙauyen, a ɗaure shi da sharaɗi. In ya faɗi, shi ya faɗi, ba baitulmalin gari ba.

Injiniya: Tallafin ba haraji ba ne, Hajiya? Kin biya kuɗin haƙa ramin, wayar kuma ta zama ta wani.

Ɗan Zariya: Mu dai a nan, kuɗin izinin haƙa ramin ma shi ne rigimar. An yi matsaya kan naira 145 kowace mita, jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu. Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya a 2020.

Maman Khalil: Ka gani? Gwamnati ta janye hannu, aka samu sauƙi. Injiniya, ina jiran amsarka bayan Magariba.