Muhawara: Sujada ce ta raba mu, ko koyarwa?

Mai bishara: 'Yan'uwa, ni dai a ganina yadda muke sujada ne ya fi hana ikilisiya zama ɗaya. A Yohanna 17:21 Yesu ya roƙi Uba mu zama ɗaya, amma wanda ya saba da tafi da ganga in ya shiga inda ake durƙusawa shiru, sai ya ce babu Ruhu a wurin. Su kuma su ce hayaniya muke yi.

Dattijo: Ɗana, ganga ƙaramar magana ce. A 1529 Luther da Zwingli, manyan jagororin Furotesta na farko, sun zauna a garin Marburg na ƙasar Jamus, bakinsu ya zo ɗaya a kan batutuwa 14 cikin 15. Na ƙarshen shi ne Jibin Ubangiji: jikin Almasihu yana cikin gurasar da gaske, ko tunawa ce kawai? A nan suka rabu. Wannan kuwa koyarwa ce.

Mai bishara: Baba, ai ka ƙara wa maganata ƙarfi. Shi jibin ba cikin sujada ake ci ba?

Malamar makarantar Lahadi: Ku bari in sa baki. Mijina ɗan Katolika ne. Ranar jana'izar surukata mun yi waƙa tare, mun yi kuka tare. Da lokacin jibi ya yi, dangi duka suka tashi suka bi layi, ni kaɗai na rage a benci riƙe da takardar waƙa. Har yau abin yana mini ciwo.

Ɗan Katolika: Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ba wulaƙanci ba ne. A wurinmu karɓar jibi shaida ce cewa bangaskiyarmu ta riga ta zama ɗaya. Abin da zai canzu an canza shi: bayan babban taron shugabannin Katolika, wato Vatican na biyu, 1962 zuwa 1965, aka koma yin Mas, wato sujadarmu, da harshen jama'a maimakon Latin kaɗai.

Dattijo: Kuma ƙofa ba a rufe take ba. A 1973, da yarjejeniyar Leuenberg, 'yan Lutheran (ɓangaren Luther) da 'yan Reformed (ɓangaren Zwingli) na Turai suka amince su ci jibi tare, shekara 444 bayan Marburg. Kowa ya riƙe waƙoƙinsa da tsarinsa. Koyarwar suka zauna suka warware.

Malamar makarantar Lahadi: Na ji, Baba, kuma na yarda. Amma bana ɗana na fari zai karɓi jibinsa na farko a cocin mahaifinsa, jiya ma ya tambaye ni ko zan biyo shi layi. Me zan ce masa?