Neman kalmar Hausa: intabiyun da ake yi ta Zoom, me za mu kira shi?

Assalamu alaikum malamai da masana harshe. Tambaya gare ni, kuma abin da ya jawo ta ranar Lahadin da ta wuce ya faru.

Wata makarantar ƙasa-da-ƙasa a Doha, mai bin manhajar Kambirij, tana neman malamin lissafi na ajin IGCSE, wato jarrabawar sakandare ta Kambirij. Na tura takarduna ta shafin TES, inda ake tallan guraben aikin koyarwa, bayan mako uku suka sa mini lokaci, ƙarfe 8 na safe agogonsu. Qatar ta riga mu da awa 2, ke nan ƙarfe 6 a nan Katsina, kuma Lahadi ce farkon makon aikinsu. Na dawo daga masallaci gari bai gama wayewa ba, ga sanyin hunturu, ga shi an ɗauke wuta. Na sa kaftani mai guga da hula, na ɗora kwamfuta kan littattafai uku don kyamara ta zo saitin idona, na jingina fitilar sola a bayanta don haske ya sauka a fuskata. Inna ta leƙo ta ce, "Ina zuwa da sassafen nan?" Na ce intabiyu gare ni. Ta ce, "To hanzarta kada motar farko ta tashi." Na ce ai a ɗaki zan yi. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce Allah ya ba da sa'a, amma na san ba ta gane ba.

Kuma da gaskiyarta. Intabiyun da ta sani shi ne mutum ya rungumi fayil, ya hau mota zuwa Kaduna ko Abuja, ya zauna a benci har a kira sunansa. Wannan kuwa mutum uku ne a ƙananan akwatuna a fuskar kwamfuta, shugabar makaranta da shugaban sashen lissafi da wata mai kula da tsaron yara, minti arba'in suna jefo tambaya. Turawa na cewa remote interview. Mu fa?

Wata malama daga Funtuwa:
Malam, me ya hana a ce hira ta intanet? Kowa zai gane.

Mai tambaya:
Malama, na yi tunaninta, amma hira ta yi sauƙi da yawa. Hira ta dandali ce, ko ta ɗan jarida da baƙonsa. A can an tambaye ni abin da zan yi idan yarinya 'yar shekara 14 ta gaya mini wani sirri da ya shafi cutar da ita a gida, ta kuma roƙe ni in rufe. Amsar da suke jira ita ce ba za ka yi mata alkawarin ɓoyewa ba, za ka rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ka kai wa jami'in da makaranta ta naɗa a ranar. Wanda ya kuskure wannan ya rasa aikin ko da ya haddace lissafin duniya. Ba zan iya kiran wannan zama hira ba.

Wani ɗalibin jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa:
Yaya, tantancewa daga nesa fa? Tunda muna cewa karatu daga nesa.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa daga Daura:
Ɗana, tantancewa ta fi wannan zaman faɗi. Tun daga duba takardun karatunka, da rajistarka ta TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta Najeriya, da shaidar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, da wasiƙun shugabannin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu, duk tantancewa ce. Zaman da aka yi da kai ganawa ce, gaɓa ɗaya a cikinta. Kalmar tana da nauyi, ita ake faɗa idan talaka ya samu ganin Sarki. Saura ka nemo mata abin da zai nuna ba a ɗaki ɗaya kuke ba. Kuma kada ka ji tsoron ƙirƙira, mu da muka ga zuwan talabijin rediyo mai hoto muka fara kiransa, ba wanda ya ruɗe.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma, Baba, na karɓi ganawa hannu biyu. Saura biyu ke nan a gabana, ganawar nesa da ganawar allo.

Ganawar nesa ba ta da aibi, sai dai ba ta faɗi yadda abin yake ba. Wanda ka buga wa waya ma ai daga nesa kuka yi magana. Abin da ya bambanta wannan shi ne ana ganinka. Suna kallon bangon da ke bayanka, suna lura ko kana duban kyamara ko kana duban hotonka, suna ganin yadda fuskarka ta yi lokacin da layi ya tsinke na daƙiƙa goma ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Duk a kan allo abin ke faruwa. Allo kuwa kalmarmu ce ta malamai tun fil azal. Da na katako muka fara, da tawada da alƙalamin kara, muka koma baƙin allo da alli, yanzu yaran gidanmu na cewa allon wayata ya fashe ba tare da wani ya koya musu ba.

Malamar Funtuwa:
Ba ka tsoron a ɗauka makarantar allo ake nufi?

Mai tambaya:
Na ji tsoron, shi ya sa na gwada ta a baki kafin in amsa miki. Na ce wa abokan aikina a ɗakin malamai, "Doha sun kira ni ganawar allo." Su biyar ne, ba wanda ya tambaye ni wace tsangaya. Ɗayansu ma cewa ya yi, "Ta Zoom ko ta Teams?" Na koma gida na ce wa Inna ganawa muka yi da masu makarantar ta allon kwamfuta, suna ganina ina ganinsu. Ta ce, "Kamar yadda yayarka ke kirana daga Madina." Shi ke nan ta gane.

Saboda haka ni dai na tsaya a nan: tantancewa ga dukkan tafiyar daga tura CV har sa hannu a kwantiragi, ganawar allo ga zaman tambayoyin. Ga ƙaramin darasin da suke sa mutum ya koyar don su ga salonsa, darasin gwaji ya wadatar, ban ga abin jayayya a ciki ba. Masu niyyar nema su sani yanzu ne kakarsa, domin makarantun da ke buɗe shekara a ƙarshen Agusta tun daga Oktoba zuwa Fabrairu suke ɗibar malamai, kuma duk wanda ya ce ku turo kuɗin biza kafin ganawa ku rabu da shi.

Sun aiko mini saƙo ɗazu. Ganawar allo ta biyu ranar Laraba, ƙarfe 6 kuma, da darasin gwaji na minti goma sha biyar a kan ka'idar Pythagoras. Na ari farin allo ƙarami a makaranta, na sayi maka biyu, zan kuma cika fitilar da caji tun daren Talata. Baba, a sa ni a addu'a.