Burauza ta ƙi buɗewa a cike da allo: waɗanda suka gwada su faɗi abin da ya yi aiki

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Chrome ce a Windows 10. Kullum aka buɗe ta sai ta fito 'yar ƙarama a tsakiyar allo, sai an danna murabba'in nan na sama take cika. Don Allah masana a taimaka.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka taɓa saiti, ka san cewa burauza girman tagar da aka rufe a ƙarshe take riƙewa, ba wadda aka wuni ana aiki da ita ba. In ka rufe babbar ka bar ƙaramar ta zama ta ƙarshe, gobe da ƙaramar za ta tashi. To ka rufe sauran ka bar guda ɗaya, ka danna maɓallin Windows haɗe da kibiyar sama, in ta cika ka rufe ta, ka sake buɗewa. Galibi a nan maganar take ƙarewa.

Malamar Kwamfuta: In hakan bai yi ba, ka je kan tambarin Chrome da ke fuskar kwamfutar, ka danna ɓangaren dama na linzami, ka shiga Properties. A layin Run ka canza Normal window zuwa Maximized. Ni dai na ga Chrome ba kullum take bin wannan ba, don haka ka ƙara da na biyu: a layin Target, ka je can ƙarshe bayan alamar zance ta rufewa, ka bar tazara ɗaya, ka rubuta --start-maximized, sai OK.

Kuskure uku ake yi a nan. Wani ya mance tazarar, wani ya cusa rubutun cikin alamar zancen, sai Windows ta ƙi karɓa. Na ukun ya fi wuyar ganewa: karan nan biyu na farko, in daga Word aka kwafo su sukan haɗe su koma dogon kara ɗaya, kuma Chrome ba za ta ce uffan ba, sai dai ta yi biris da umarnin. Da hannu za ka buga su. Burauzar Edge ma tana karɓar wannan umarni, tunda injinsu ɗaya.

Mai Kafe: Malama ta yi daidai, sai dai akwai tarko. Umarnin ba ya aiki sai in Chrome a kashe take gaba ɗaya kafin a buɗe ta. Kana ganin ka rufe ta, alhali tana nan tana gudana a ɓoye. Danna Ctrl, Shift da Esc, ka kashe duk wata Chrome da ka gani a jerin. Sannan a saitinta, ƙarƙashin System, ka kashe zaɓin da ke barin manhajoji su ci gaba da aiki bayan an rufe ta. A Edge ka kashe har da zaɓin Startup boost.

Kuma tambarin da ke manne a layin ƙasa daban yake da na fuskar kwamfuta, gyaran ɗaya ba ya shafar ɗaya. Riƙe Shift ka danna masa dama, Properties ɗinsa zai fito in burauzar a rufe take. Adireshin da ka danna daga cikin Word ko imel kuwa ba ta kan ko wanne tambari yake bi ba, shi ya sa dabarar Mai Gyara ta fi faɗi.

Ɗalibi: Allah ya saka da alheri, a ɓoye take gudana ashe. Yanzu ta cika. To F11 fa, abu ɗaya ne?

Mai Gyara: A'a. F11 tana ɓoye har wurin rubuta adireshi da layin ƙasa, shafi kawai zai rage. Ita ce kuma ke mayar da su. A laftof da yawa sai ka haɗa da Fn. Mai son Chrome ta tashi a haka sai ya sa --start-fullscreen. Akwai kuma --kiosk, na allon talla ko kwamfutar da jama'a ke taɓawa, amma kada ka sa shi ba ka san mafita ba: F11 ba ta fitar da kai, sai Alt da F4. A Mac kuwa madadin F11 shi ne Control, Command da F.

Na Firefox: Namu ɓangaren daban ne. Firefox tana ajiye girman taga a fayil mai suna xulstore.json, in ya lalace duk rufewar da za ka yi ba za ta tuna ba. Rubuta about:support a wurin adireshi, ka buɗe foldar furofayil, ka rufe Firefox gaba ɗaya tukuna, ka goge fayil ɗin. Da kanta za ta ƙirƙiri sabo, kalmomin sirri da shafukan da ka adana ba a ciki suke ba. In har yanzu tana ƙin cika, ka rubuta about:config a wurin adireshi, ka duba privacy.resistFingerprinting. In a kunne yake, da gangan take rage tagar don kada shafuka su gane ka ta girman allonka, kamar yadda burauzar Tor ke yi.

Ƙananan tagogin da ke tsalle su fito wajen biyan kuɗi ko shiga asusu, mai shafin ne ya yanka musu girma, tambari ba shi da iko a kansu. A about:config na Firefox in ka mayar da browser.link.open_newwindow.restriction daga 2 zuwa 0, sai su riƙa buɗewa a cikin babbar tagar.

Malamar Kwamfuta: Masu jona majigi kuma, in an cire waya taga ta maƙale a allon da babu shi, Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama za su dawo da ita. A cika ta kafin a rufe.