Yaro ya kawo mini ƙwari a gwangwani, wacce ce fara a ciki?

Ɗan Zariya, Maradi:
Salamu alaikum. Jiya da magariba ɗana ya dawo daga bakin gulbi da gwangwani cike da ƙwari, wai fara ya kamo a soya masa. Da na zazzage a tabarma sai na ga tarkace: masu ruwan ƙasa irin wadda muka sani, baƙaƙe biyu masu ƙyalli, wata koriya shar, sai wata rawaya mai ɗigo-ɗigo. Ni fara a soye na san ta, da yajinta, wajen masu talla. Ɗaya baƙar har da tsinke a gindi. Harbi take?

Manomin Tibiri:
Wa alaikumus salam. Malam, dubi ƙahonnin nan biyu na kai. Na fara gajeru ne, masu ɗan kauri. In ka ga sirara kamar zare, sun kai tsawon jiki ko sun wuce, ba fara ba ce. Baƙaƙen gyare ne, mai hana mu barci da damina. Namijin ne ke kukan, fukafukansa yake gogawa. Mai tsinken macen ce, da shi take saka ƙwai a ƙasa, ba ta harbi. Koriyar in ƙahonta dogo ne, 'yar'uwar gyare ce, a ganye take kwana.

Inna mai fara:
Ɗana, rawayar nan yar da ita yanzu, ka wanke wa yaro hannu. Farar tumfafiya ce. Nonon tumfafiya take sha, dafin yana jikinta, ko kaji ba sa kula ta. Mu da asuba muke kamu, bayan an yanke gero, sanyi ya kama su ba sa iya tashi. A tafasa da gishiri, a shanya, sannan suya. Kuma a tambayi mai gona ko ya yi feshin magani, wannan ya fi tumfafiyar ba ni tsoro.

Manomin Tibiri:
Inna ta gama magana. Rawaya dai iri biyu ce. Farar ɗango ma in ta ƙosa rawaya take zama, amma ita ba ta zuwa ɗaya-ɗaya. Wanda ya ga ta 2004, da yunwar da ta biyo a 2005, ba sai an kwatanta masa ba.

Ɗan Zariya, Maradi:
Na gode. Na tsince, guda shida kacal suka rage. Gyaren ɗaya ya tsere ƙarƙashin randa, tun ɗazu yake mana waƙa.