Mai jan ragamar ƙungiyar tseren motoci: ni dai na ce madugu

'Yan'uwa masu fassara da masu kawo labarin wasanni, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar. A tseren motoci na Formula 1 kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya da Turawa ke kira team principal. Wasunmu kan ce koci, wasu manaja, wasu shugaban ƙungiya. A ganina duk ukun sun gaza ɗaukar nauyin aikin. Bari mu auna su da tarihin mutum ɗaya da ya yi wannan aiki, Jean Todt ɗan ƙasar Faransa.

Todt ya fara ne a kujerar gefen direba a tseren rali, yana riƙe da takarda yana karanta wa mai tuƙi hanya: ga kwana a gaba, ga gangara, rage gudu. Daga nan kamfanin Peugeot ya damƙa masa sashen tserensa. A hannunsa suka ci gasar rali ta duniya a 1985 da 1986, suka ci tseren Faris zuwa Dakar sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, sannan tseren awa 24 na Le Mans a 1992 da 1993. Mutanen Agadas sun san wannan tsere na Dakar, don a shekarun nan motocinsa kan ratso hamadar Tenere.

Koci dai a ajiye shi. Todt bai koya wa kowa tuƙi ba, kuma ba a ɗauke shi don haka ba. Manaja kuwa ta yi wa mutane yawa: direba ma yana da nasa manajan mai kula da kwantiraginsa, kamar yadda Willi Weber ya yi wa direba Michael Schumacher, kuma a cikin ƙungiyar akwai wani manajan na ƙasa da team principal mai kula da jigilar kaya da bin dokokin gasa. Shugaban ƙungiya ta fi su kusa, amma lokacin da Todt ya koma ƙungiyar Ferrari ta Formula 1 a 1993 akwai shugaban kamfani a samansa, Luca di Montezemolo. Idan ka kira su duka shugaba, mai sauraron rediyo ba zai san wanda ake nufi ba. Mai ƙungiya ma ba ta yi ba. Frank Williams ya mallaki tasa, amma Todt ɗaukarsa aka yi.

Wani ɗan'uwa ya kawo shamaki, hujjarsa kuwa ita ce kalmar Scuderia da ke gaban sunan Ferrari tana nufin barga a yaren Italiya. Na ji daɗin shawarar, Malam, sai dai shamaki lafiyar dawaki ya sa a gaba, mutumin nan kuwa tafiyar gaba ɗaya ce a wuyansa.

Shi ya sa na tsaya a kan madugu. A ayarin fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, madugu ba lallai ne shi ke da dukan jakuna da kayan ba, amma shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yi zango, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, kuma idan rigima ta tashi tsakanin fatake maganarsa ce ta ƙarshe. In ayari ya yi asara, sunansa ake kira. Madugu uban tafiya ke nan.

Ku duba abin da ya faru a Gao ta ƙasar Mali a tseren Dakar na 1989. Direbobin Peugeot biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, sun yi wa kowa nisa, sun koma takara da junansu a kan rairayi, abin da zai iya kifar da motocin biyu ko ya ci rai. Todt ya zaro kwandala ya jefa sama, ƙuri'a ta faɗa kan Vatanen, kuma shi ya ci tseren. An yi ta sukarsa, har yau ma wasu na ganin ya zubar da mutuncin gasar. Ni ina ganin ya yi abin da ke kansa: ya kai ayari gida lafiya.

A Ferrari ya tarar da gida a rikice, rabonsu da kambun direbobi tun 1979. Ya jawo Schumacher a 1996, ya biyo da injiniyoyi Ross Brawn da Rory Byrne, ya tsaya tsakaninsu da surutun jaridun Italiya har abin ya nuna. Kambun masu ƙera mota shida a jere daga 1999 zuwa 2004, na direbobi biyar daga 2000 zuwa 2004. Amma a Ostiriya a 2002, da aka umarci ɗaya direban Ferrari, Rubens Barrichello, ya kauce wa Schumacher dab da layin ƙarshe, 'yan kallo suka yi ta ihun ƙin amincewa. Wannan kam ban goyi bayansa ba, don gasar ba ta yi nisa ba kuma babu ran da ke cikin haɗari. Sai dai ya nuna girman ikon kujerar, har hukumar FIA mai kula da tseren motoci a duniya ta haramta irin wannan umarni na wasu shekaru.

Na san za a ce jaridu sun saba da madugun 'yan adawa da madugun 'yan tawaye. Hakan ma taimako ne, don kunnen matasa ya riga ya san kalmar da ma'anar jagora mai faɗa a ji. Jam'inta kuma a shirye yake, madugai.

Ga yadda za ta zauna a labari: "Madugun Ferrari ya ce za su sauya injin mota kafin tseren Monza." "Madugan ƙungiyoyi sun gana da hukumar FIA." A karon farko a rubuta madugun ƙungiyar tsere, daga baya madugu kawai. Shugaba kuwa a bar wa kujerar da Todt ya hau daga 2009 zuwa 2021, wato shugabancin FIA. Mai ja da wannan ya kawo tasa kalmar tare da jimlar da za mu gwada ta a ciki.